Yadda ake yi wa ƙaramar kamara laɓe har a sama mata direba a Linux

Masu gyaran waya da ɗalibai daga Garwa, Marwa da Kusiri sun yi ta maimaita mini tambaya ɗaya a kan kamarorin nan na roba masu cin ƙananan batura, waɗanda ake jibgewa a faranti a kasuwa. An rubuta a kwalinsu cewa suna ɗaukar hoto, kuma suna zama kamarar kwamfuta in an jona su da kebul. Faifan da ke cikin kwalin na Windows 98, 2000 ko XP ne, kamfanin kuma babu wanda ya san inda ya shiga. Ka jona ta a Linux, shiru. To yaya ake sa ta yi magana? Sai an sama mata direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta fahimci na'ura, ta hanyar laɓe: a naɗi zancen da direban Windows ke yi da ita, a maimaita shi a Linux.

In kiran bidiyo kawai kake so, ko ɗaukar hoton katin shaida a shago, kada ka wahalar da kanka. Sayi kamarar da ke bin tsarin UVC, wato harshen bai ɗaya na kamarorin USB, Linux ya santa tun kanel (zuciyar Linux) 2.6.26 na shekarar 2008, jonawa kawai ake yi. Aikin da ke ƙasa na wanda ya gaji kwali guda na irin waɗannan kamarori ne, ko mai son ya koyi yadda na'ura ke zance da kwamfuta ta USB. A ganina babu makarantar da ta fi wannan araha.

Kayan aiki da abin da za su ci

Kana buƙatar kwamfutar hannu mai Linux wadda batirinta ke riƙe wuta ko da na awa ɗaya ne, domin ɗauke wuta a tsakiyar naɗi yana mayar da kai farko. Sai kamarar da faifanta, sabbin batura, da kebul mai ɗaukar bayanai. Wasu kebul ɗin da ake sayarwa a bakin titi na caji ne zalla, wayoyi biyu kawai ke ciki, don haka gwada shi a gaban mai kaya. Ni dai ba na biyan fiye da sefa 1,500 a kan kebul.

Manhajojin duk kyauta ne: Wireshark na naɗar zance, VirtualBox na tayar da Windows a cikin Linux, Python da pyusb na yi wa kamara magana, v4l-utils da ffmpeg na bidiyo. Inda kuɗi ke tafiya shi ne data. Linux Mint kaɗai ya kusa giga 3, saboda haka nemi wanda yake da shi a filasha, ɗaliban jami'ar Marwa ko ta Gaundare ba sa rasa shi. Kada ka sauko da tarihin kanel gaba ɗaya ta git, giga-gigai ne. Dunƙulallen fayil na sigar da kake amfani da ita bai kai mega 200 ba, kuma sai a mataki na ƙarshe za ka neme shi.

1. Kwashe hotuna, karanta lamba

Gargaɗi kafin ka taɓa komai: da yawa daga cikin waɗannan kamarori suna ajiye hoto ne a ma'ajiyar da ke buƙatar wuta. Ka cire batir, hotuna sun tafi. Wasu kuma suna share abin da ke ciki da zarar an kunna bidiyo. In akwai hoton suna ko na biki a ciki, fara kwashe shi da gphoto2, manhajar Linux ta kwasar hotuna daga kamara, ko da manhajar faifan.

Daga nan ka buɗe tagar umarni, ka rubuta dmesg -w, ka jona kamarar kai tsaye a jikin kwamfuta, ba ta mai rarraba ƙofofi ba. A wata tagar ka rubuta:

lsusb

Za ka ga layi mai lambar Bus, lambar Device, da ID kamar 2770:905c. Huɗun farko na kamfanin da ya ƙera cip ɗin da ke cikin kamarar ne, huɗun ƙarshe na samfurin. Sunan da aka buga a jikin roba ba shi da amfani, kamara ɗaya tana iya fitowa da sunaye goma. Lambar ita ce gaskiya. 2770 na SQ Technologies ne, 0c45 na Sonix, 04fc na Sunplus, 0979 na Jeilin, 0ac8 na Vimicro.

Wasu kamarorin suna canza lamba gwargwadon maɓallin da aka danna. A yanayin ajiya su fito kamar filasha, a yanayin bidiyo su fito da wata lambar daban. Gwada kowane yanayi, ka rubuta duka a takarda. Sannan:

sudo lsusb -v -d 2770:905c > bayani.txt

Sa lambar taka a madadin wannan. A cikin fayil ɗin ka duba bInterfaceClass. In 14 ne, UVC ce, ba ka da aikin laɓe. 8 na ma'ajiya ne, 6 na hoton tsaye. In ka ga 255, kamfanin ya ƙirƙiri harshensa na kansa, nan ne aikinmu yake. Ka kuma lura da bEndpointAddress, wato ƙofofin da bayanai ke bi. Wadda ta fara da 0x8, kamar 0x81 ko 0x83, ita ke kawo kaya daga kamara zuwa kwamfuta.

2. Duba ko wani ya riga ka

Mutane na tsallake wannan mataki, su ɓata makonni a kan abin da aka gama tuntuni. Wani likita Bafaranshe, Michel Xhaard, ya rubuta direbobin ɗaruruwan kamarori masu araha, aikinsa ya zama tarin da ake kira gspca, wanda ya shiga kanel 2.6.27. Theodore Kilgore kuma ya bi irin waɗannan kamarori masu aiki biyu ɗaya bayan ɗaya, a libgphoto2, tushen gphoto2, da kuma cikin kanel. Saboda haka 2770:9120 tana da gspca_sq905, 093a:010f tana da gspca_mr97310a, 0979:0227 tana da gspca_jl2005bcd, 0553:0202 tana da gspca_stv0680.

Nemi lambarka a nan:

grep -i 2770 /lib/modules/$(uname -r)/modules.alias

In mai cip ɗin yana nan amma samfurinka babu, gwada cusa wa direban da ya fi kusa lambar taka:

sudo modprobe gspca_sq905c
echo 2770 1234 | sudo tee /sys/bus/usb/drivers/sq905c/new_id

In /dev/video0 ya bayyana kuma hoto ya fito a manhajar kallon kamara ta guvcview, aikinka ya koma ƙara layi ɗaya a jerin lambobin direban. Hattara: wannan gwajin na iya daskarar da kwamfuta, ajiye duk abin da kake yi tukuna. Kuma fitowar /dev/video0 ba ta nufin nasara, sai ka ga fuskarka.

Buɗe fayil mai ƙarewa da .inf da ke cikin faifan ma. Rubutu ne kawai. Za ka ga layuka irin USB\VID_2770&PID_905C, da sunan fayil ɗin .sys, wanda sau da yawa yake tona asirin cip ɗin da ke ciki.

3. Tayar da tsohon Windows a cikin Linux

Dabarar ita ce a bar direban kamfanin ya yi zancensa da kamara, mu kuma muna gefe muna ji. Girka Windows XP a VirtualBox, mega 512 na ƙwaƙwalwa sun ishe shi. Sa kanka a rukunin vboxusers, ka fita ka sake shiga, in ba haka ba VirtualBox ba zai ga kamarar ba. Daga siga ta 7.0 tallafin USB 2.0 yana cikin manhajar, a tsofaffin sigogi kuwa sai an ƙara Extension Pack.

Cire wa XP ɗin intanet gaba ɗaya. An daina yi masa gyaran tsaro tun 2014, kuma direban da aka kwaso daga shafukan da ba a san masu su ba yakan zo da ƙwayar cuta. Girka direban daga faifai, miƙa wa XP kamarar, ka tabbatar ta fito a Gestionnaire de périphériques, wato jerin na'urori na Windows, ba tare da alamar ruwan ɗorawa ba. Buɗe manhajar kallon bidiyo, galibi AMCap ce ko mai kama da ita. Kada ka wuce nan sai hoto ya fito a Windows. In bai fito a nan ba, wataƙila kamarar ce ta mutu, kuma babu direban da ke tayar da matacce.

Wanda yake da tsohuwar kwamfuta mai XP ko Windows 7 a ajiye yana iya amfani da USBPcap a kanta kai tsaye, sakamakon ɗaya ne.

4. Naɗi

A ɓangaren Linux, kunna usbmon, mai sauraron zancen USB:

sudo modprobe usbmon
sudo setfacl -m u:$USER:r /dev/usbmon*

Buɗe Wireshark, zaɓi usbmon mai lambar Bus ɗin kamararka. In lsusb ya ce Bus 002, to usbmon2. Kada ka zaɓi usbmon0, yana kwaso komai har da motsin linzamin kwamfuta. Kada kuma ka dogara da fayilolin rubutu na /sys/kernel/debug/usb/usbmon, suna yanke bayanai a bayit 32, hoton ba zai zo cikakke ba.

Yanzu ga inda ake cin nasara ko a faɗi. Ka ɗauka kana tsaye a kasuwar shanu, mutum biyu na ciniki da harshen da ba ka ji. In ka saurari cinikin yini guda a dunƙule, ba za ka fita da kalma ko ɗaya ba. Amma in ka ga an nuna sa ɗaya, an faɗi abu, an nuna wani, an faɗi wani abu, nan da nan za ka fara rarrabe farashi da gaisuwa. Saboda haka kowane naɗi abu ɗaya tak zai ɗauka, kuma gajere:

Na farko, jona kamara kawai, ka jira daƙiƙa goma, ka tsayar. Na biyu, buɗe bidiyo a 320x240, daƙiƙa uku, ka rufe. Na uku, haka ɗin dai a 640x480 ko 352x288, duk wanda take da shi. Na huɗu, bidiyo na tafiya, ka matsa haske daga ƙasa zuwa sama, ba ka taɓa komai ba sai shi. Haka za ka yi wa launi, da kaifin hoto, da zaɓin 50 ko 60 Hz, kowanne da fayil ɗinsa. Sa wa fayil suna mai ma'ana nan take, kamar 04-haske-sama.pcapng, ka riƙe littafi kana rubuta abin da ka danna. Bayan kwana uku ba za ka tuna ba.

Sai naɗi huɗu na musamman waɗanda za su cece ka a mataki na 7: ka toshe idon kamara da yatsa ya zama baƙi ƙirin, ka nuna mata farar takarda, ka nuna mata jan ƙyalle ya cika ido, sannan takardar da rabinta baƙi rabinta fari.

Maimaita naɗi na biyu sau biyu ba tare da canza komai ba. Abin da ya bambanta tsakaninsu ba umarni ba ne, direban ne ke daidaita haske da kansa, kuma sanin haka zai hana ka bin inuwa. A watan Maris da Afrilu kuwa, lokacin da zafi ke haura digiri 40, yi wannan aiki da asuba ko bayan isha'i. Kwamfutar da ta yi zafi tana rage gudu, fakiti su riƙa zubewa, ka zaci laifin kamara ne.

5. Karanta abin da ka naɗa

Tace da lambar Device, wadda ke canzawa duk lokacin da aka sake jonawa:

usb.device_address == 5

Saƙonni iri uku za su dame ka. Na umarni, Wireshark na rubuta su URB_CONTROL. Na jigilar kaya a dunƙule, URB_BULK. Sai masu kwarara a kan lokaci ba tare da maimaita abin da ya zube ba, URB_ISOCHRONOUS. Fara da na umarni, ƙara usb.transfer_type == 0x02 a matatar.

Layukan farko irin GET DESCRIPTOR da SET CONFIGURATION gaisuwa ce da kowace na'ura ke yi, wuce su. Naka su ne waɗanda bmRequestType ɗinsu yake 0x40 ko 0x41, kwamfuta na ba da umarni, da 0xc0 ko 0xc1, kwamfuta na tambaya. Kowanne yana da bRequest, wValue, wIndex da wLength. Kwafe su bi da bi a tebur, tare da tazarar lokacin da ke tsakaninsu. Gargaɗi: a ɗanyen bayanai lambobi masu bayit biyu a juye suke, 0x0102 yana fitowa 02 01. Wannan kaɗai ya isa ya kwana da mutum a zaune.

Abin da aka fi gani shi ne bRequest ɗaya na rubutu, wIndex lambar rajista (gurbin da cip ke ajiye saiti), wValue abin da aka zuba mata. Ɗora teburin 320x240 kusa da na 640x480, layukan da suka sha bamban su ne na girman hoto. A naɗin haske za ka ga rajista ɗaya lambarta na hawa kamar tsani. Ka same ta.

Akwai wani sirri kuma. Cip ɗin da ke magana da USB gada ce kawai, a bayansa akwai sensa, idon da ke ganin haske, kuma ana aika mata saƙo ta wata ƙaramar hanya mai suna I2C. In ka ga tsari na maimaita kansa, adireshi, rajista, ƙima, sannan umarnin aikawa, zancen sensa ne. Adireshin 0x21 ko 0x42 yakan nuna sensar OmniVision. OV7670, misali, in an tambayi rajistocinta 0x0a da 0x0b tana amsa 0x76 da 0x73. Da zarar ka gane sensar, nemi takardar bayaninta, rabin lambobin da ke teburinka za su sami suna. Ka kuma sani kamarori biyu masu lamba ɗaya na iya ɗauke da sensa daban-daban, direban mr97310a cike yake da irin wannan rarrabewa. Shi ya sa amsoshin da kamara ke bayarwa a farkon zance suke da daraja, kada ka kwafe umarni kaɗai.

In bidiyon na bin ƙofa mai kwarara ne, nemi SET INTERFACE dab da fara zuwan hoto. Zaɓi na 0 ba ya ɗaukar komai, sai an koma wani zaɓin mai faɗi.

6. Maimaita zancen da bakinka

Rufe VirtualBox, cire kamarar, sake jonawa. Kada ka fara da rubutun kanel, kuskure ɗaya a can yana kashe kwamfuta. Fara da Python. Lambobin nan misali ne kawai:

import usb.core
k = usb.core.find(idVendor=0x1234, idProduct=0x5678)
k.set_configuration()
k.ctrl_transfer(0x40, 0x01, 0x0003, 0x0010, None)
amsa = k.ctrl_transfer(0xc0, 0x02, 0, 0x0010, 1)
kaya = k.read(0x81, 16384, timeout=2000)

Jera dukkan umarnin teburinka yadda suka zo, har da waɗanda ba ka gane ba, har da jiran da ke tsakani. Bar Wireshark a buɗe ka gwada naɗinka da na Windows layi da layi. In wani direba ya riga ka kama kamarar, kira detach_kernel_driver tukuna. Sai bayanai sun fara zuwa sannan ka soma cire umarni ɗaya-ɗaya don ganin wanne ne dole.

Gargaɗi babba: kada ka yi ta harba lambobin bRequest da ka ƙirƙira don ganin abin da zai faru. Wasu umarnin suna rubutu a ma'ajiyar dindindin ta cip, kamara ta mutu murus. Tsaya a kan abin da ka ji direban Windows ya faɗa. In kamara ta ƙame, cire kebul da batura duka, domin batir na riƙe ta a halin da ta maƙale.

Ga ƙofa mai kwarara, pyusb ba ya jurewa sosai. Koma python-libusb1 ko libusb a harshen C.

7. Mayar da lambobi hoto

Zuba abin da ka karanto a fayil ka duba shi da xxd. Fara neman ff d8 da ff d9, farko da ƙarshen JPEG. In suna nan ka yi sa'a. In ka yanko firam, wato hoto ɗaya na bidiyon, amma ya ƙi buɗewa, duba ko akwai ff c4 a ciki, kamarori da yawa ba sa turo teburin Huffman, wanda ake warware matsin JPEG da shi, ffmpeg yana cike shi in ka ce masa -f mjpeg.

In babu JPEG, yi lissafi. 640x480 bayit 307,200 ne in kowane ɗigo bayit ɗaya ne, 352x288 kuwa 101,376, 320x240 kuma 76,800. Nemi jerin lambobin da ke dawowa a tazara ɗaya, shi ne goshin firam, wato alamar da ke gaban kowane hoto. In tazarar ta ɗara ɗaya daga waɗannan lambobi da kaɗan, ɗanyen hoto ne da goshi a gaba. USB 1.1 ba ya wuce bayit 1,023 a kowane kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ta ƙofa mai kwarara, wajen mega ɗaya a daƙiƙa ke nan. Saboda haka in kamara na ba da 640x480 sumul ta irin wannan ƙofa, tabbas matse hoton take yi.

Ɗanyen hoton galibi tsarin Bayer ne: rabin ɗigogin kore, kwata ja, kwata shuɗi. Fara kallonsa ba launi:

ffmpeg -f rawvideo -pixel_format gray -video_size 320x240 -i firam.raw gwaji.png

In hoton ya karkace kamar ana jan sa gefe, faɗin da ka ba shi ba daidai ba ne. In ya tsage gida biyu, gefen dama ya dawo hagu, ba ka cire goshin daidai ba. In ya miƙe, canza gray zuwa bayer_bggr8, bayer_rggb8, bayer_grbg8 ko bayer_gbrg8. Naɗin jan ƙyalle zai raba gardama: wanda ya ba ka ja shi ne naka, wanda ya ba ka shuɗi ya juya ja da shuɗi.

In girman firam na canzawa, ƙarami a baƙin hoto, babba a hoto mai tarkace, kuma ba JPEG ba ne, matsewar kamfani ce. Wannan shi ne wuri mafi wuya a aikin duka, kuma kafin ka zauna warware shi leƙa babban fayil ɗin libv4lconvert a cikin v4l-utils. Hans de Goede da abokan aikinsa sun tara masu warware sq905c, mr97310a, sn9c10x, pac207 da jl2005bcd a can. Kamfanonin nan suna yawan maimaita dabara ɗaya, wato rubuta bambancin ɗigo da maƙwabcinsa da gajerun lambobi. In babu wanda ya dace, fara da baƙin firam: jerin bit ɗin da ya fi yawa a cikinsa shi ne alamar babu bambanci. Takarda mai rabi da rabi kuma za ta nuna maka yadda ake rubuta babban tsalle.

Layukan duhu masu gangarowa a ƙarƙashin fitilar tsinke ba laifin lissafinka ba ne. Wutar Kamaru da Chadi 50 Hz ce, kamarar kuma wataƙila an saita ta a 60. Koma naɗin da ka yi na wannan zaɓi.

8. Direba

Hanya mai sauƙi ita ce ka bar shirinka na Python ko C yana karanto hoto, yana zubawa a v4l2loopback, mai ƙirƙirar kamarar bogi a Linux, sauran manhajoji su ga kamara kamar kowace. Ga mai shago wannan ya wadatar.

Mai son direban gaske ya sauko da tushen kanel na sigarsa, ya shiga drivers/media/usb/gspca, ya kwafi direban da ya fi kama da kamararsa. Na sq905c ya dace da masu jigila a dunƙule. Umarnin naɗi na farko suna shiga sd_config da sd_init, na buɗe bidiyo sd_start, na rufewa sd_stopN. A sd_pkt_scan kake neman goshin firam, ka miƙa bayanai ga gspca_frame_add da alamar FIRST_PACKET, INTER_PACKET ko LAST_PACKET. Kada ka sa warware matsi a cikin kanel, ba a karɓar haka, wurinsa libv4lconvert ne. Manhajar da ba ta san tsarin hotonka ba kuma, tayar da ita da LD_PRELOAD na v4l2convert.so.

In insmod, umarnin sa direba a kanel, ya ƙi karɓar modul ɗin direbanka duk da ya haɗu lafiya, duba Secure Boot, yana hana wanda ba a sa wa hannu ba. Gwada da v4l2-ctl --list-formats-ext, sannan ka buɗe ka rufe bidiyo sau da yawa a jere, ka fizge kebul ana tsakiyar kallo, kana duban dmesg. Direban da ya faɗi a wannan gwaji bai gama ba.

In za ka miƙa aikin ga masu kula da kanel, wuce da shi ta scripts/checkpatch.pl, scripts/get_maintainer.pl kuma zai faɗa maka waɗanda za su duba. Lasisin GPL ne, don haka ko layi ɗaya kada ka kwafo daga fayil ɗin .sys na kamfanin, abin da ka ji a waya kaɗai za ka rubuta. Haɗa musu bayani.txt, ka kuma adana fayilolin naɗinka da kamarar kanta, domin za su iya neman ka sake gwaji a sabuwar siga kafin su karɓa.